Akwai sukari ɓoye cikin kara

Kaka ta wuce. A Dawce da ƙauyukan da ke kewaye da ita an yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. Abin da ya rage a gona shi ne kara. Tsofaffi suna tuna lokacin da ake barin kara a gona har rani, shanun Fulani su shigo su ci, su bar taki. Wani ma sai ya tara shi ya cinna masa wuta in lokacin sharar gona ya yi. Yau ba haka ba ne. Da an gama girbi mai gona zai sare karansa, ya ɗaure, ya ɗora a amalanke. Wani a jibge shi bisa itace ko bisa rumfa domin bisashe, wani a yi darni da shi, wani ya shiga murhu. In bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare a daji, damin kara kuɗi ne a kasuwar Matamaye.

To, a wasu ƙasashe kara ya sami wani mai saye. Masana'antu ne, waɗanda ake kira izin. Suna sayen karan masara, da karan alkama, da tuƙar rake, da garin katako. Suna dafa su cikin ruwan zafi wanda aka matse ƙwarai. Daga nan su fitar da sukari, da alkol, da ƙaro, da gawayi. Labarin yana da ban mamaki, amma babu tsafi a ciki. Ya kamata manomi ya san yadda abin yake, tunda karan nasa ne.

Me ke cikin kara?

In aka fasa karan dawa, za a ga ɓawo mai tauri a waje, da totuwa mai laushi a ciki. In aka ja ɓawon sai ya tsage tsawo-tsawo kamar zare. Wannan zare shi ne ƙashin tsiro. Shi ke tsai da kara, shi ke tsai da itace. Masana suna kiransa seluloz. Wani Bafaranshe mai suna Anselme Payen ne ya fara ware shi daban a 1838. Auduga kusan duk seluloz ce, kashi 9 cikin 10. Takardar littafi ma seluloz ce, haka igiyar rama.

Ga abin mamakin: seluloz sukari ne. A dubi carbi. Ƙwayoyi ne aka jera, aka ɗaure ɗaya bayan ɗaya. Haka seluloz yake. Kowace ƙwaya tasa sukari ce mai suna gulukoz, irin wanda ke cikin zuma, irin wanda ake sa wa marar lafiya cikin ƙarin ruwa a asibiti. Sai dai carbin seluloz dogo ne ƙwarai, ƙwayoyinsa dubbai ne, kuma ƙanana ne har ido ba ya ganinsu.

Garin hatsi ma carbin gulukoz ne. Bambancin yana wurin ƙulli. Ƙullin da ke cikin gari, yawun mutum da hanjinsa suna iya kwance shi. Shi ya sa in an daɗe ana tauna burodi ko dafaffen rogo sai a ji zaƙi ya fito. Ƙullin seluloz kuwa cikin ɗan Adam ba shi da abin kwance shi. Ko mutum ya wuni yana tauna auduga ba zai ji zaƙi ba.

Mai shan rake zai gane wannan da sauri. Zaƙin da ya sha, sukari ne sakakke da ke cikin ruwan raken. Tuƙar da ya tofar, ita ma sukari ce, amma a ɗaure. Haka abin yake ga takanɗa.

Kuma seluloz ba shi kaɗai ne a cikin kara ba. Su uku ne, kamar ginin rumbu. Seluloz shi ne sanduna. Akwai wani zare gajere, mai rassa, da ke ɗaure sandunan kamar igiya. Sunansa emiseluloz, shi ma sukari ne amma wani iri. Na uku shi ne linyin, wani ƙaro mai tauri da ya rufe su kamar yaɓe. Shi ba sukari ba ne. Shi ke sa tsohon kara ya fi ɗanyen haki tauri. A kilo 100 na busasshen kara, seluloz yakan kai kilo 35 zuwa 40, emiseluloz wajen kilo 25, linyin wajen kilo 15. Sauran toka ce da wasu abubuwa. Lissafin yakan ɗan canja daga tsiro zuwa tsiro.

Saniya da gara sun riga kowa

Saniya tana cin kara ta yi nono da nama. Ba ita ce ke kwance ƙullin ba. A tumbinta akwai ƙananan halittu marasa iyaka, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Su ne ke kwance seluloz, su ci, saniya ta ci moriyar abin da suka bari. Tuƙa da take yi, taimakonsu ne: tana ƙara niƙa musu karan. Tunkiya da akuya da raƙumi duk haka suke. Gara ma tana da irin waɗannan mataimaka a cikinta, shi ya sa darni ba ya daɗewa a gabanta.

Amma ko saniya ba ta cinye duka. Wajen rabin busasshen kara yakan wuce ya fita a kashi, domin yaɓen nan na linyin ya hana ƙananan halittun isa ga zaren. Duk wanda ya fasa busasshen kashin shanu ya ga guntayen kara a ciki.

An fara da ruwan batir

Tun 1819 wani masani a garin Nansi ta Faransa, Henri Braconnot, ya ɗauki tsummoki da garin katako, ya zuba musu asid mai ƙarfi irin wanda ke cikin batirin mota. Sai ga sukari ya fito. Daga baya an gina masana'antu bisa wannan dabara, musamman a Jamus lokacin yaƙin duniya na biyu, da kuma Tarayyar Sobiyet. Sai dai asid mugun abokin aiki ne. Yana cin ƙarfen tukunya. In an gama sai an kashe kaifinsa da farar ƙasa, sannan a rasa inda za a zubar da tulin dattin da ya rage. Shi ya sa masana suka yi ta neman abin da zai yi aikin asid ba tare da ɓarnarsa ba. Abin da suka samo yana cikin kowace randa.

Ruwa in an hana shi tafasa

Kowace mace ta san cewa in ruwa ya tafasa, ƙara itace ba ya ƙara masa zafi. Sai dai ya yi ta ƙafewa. A ma'aunin zafi, ruwa yana tafasa a digiri 100, nan yake tsayawa, domin tururi yana gudu da sauran zafin. Ko an shekara ana dafa kara a irin wannan ruwa, ba zai zama sukari ba.

Amma in aka rufe tukunya ruf, aka ɗaure murfin, tururi ya rasa hanyar fita, sai ya danne ruwan. Ruwan da aka danne ba ya samun damar tafasa. Sai zafinsa ya yi ta hawa, ya wuce 100, yana nan ruwa. Direbobi sun san wannan. In mota ta yi zafi ba a buɗe murfin lagireto. Ruwan ciki ya wuce digiri 100, murfin ne ya riƙe shi. Da an buɗe sai ya yi tsalle ya ƙona fuska.

Wani Bafaranshe, Denis Papin, shi ya ƙera tukunya irin wannan a birnin Landan a 1679. Ya dafa ƙashi a ciki har ya yi laushi. Shi ne kuma ya sa mata wata ƴar ƙofa da ke buɗe kanta in matsi ya yi yawa, don kada ta fashe. Jikokin tukunyar Papin suna nan a asibitoci. Da su ake dafa almakashi da sauran kayan aiki a digiri 121 don kashe ƙwayoyin cuta.

Ana auna matsi da wani ma'auni mai suna bar. Bar 1 kamar a ɗora nauyin kilo 1 ne bisa wuri mai faɗin farcen yatsa. Iskar da mai faci ke bugawa a tayar ƙaramar mota bar 2 ce da ɗan kai. Don ruwa ya kai digiri 200 bai tafasa ba, sai an danne shi da bar 16. Don ya kai 250, sai bar 40. A digiri 374 da bar 221 akwai wata iyaka. In an wuce ta, ba a iya cewa wannan ruwa ne ko tururi ne, sun zama abu guda. Bar 221 ya fi nauyin buhun hatsi biyu masu kilo ɗari-ɗari bisa farce ɗaya.

A irin wannan zafi halin ruwa yana sakewa. Ko a randa, wani ɗan ɓangare na ruwa yakan rabu gida biyu, rabi mai halin tsami, rabi mai halin kanwa. Kaɗan ne ƙwarai, harshe ba ya ji. A digiri 250 wannan rabuwa tana ninkuwa wajen sau 30. Ga zafi kuma. Sai ruwan ya riƙa yanka kamar asid. Mata sun san aikin kanwa a tukunyar wake, sun san aikin tsamiya. To, ruwan zafi mai matsi yana ɗauke da halin duka biyun. Daɗin abin shi ne, da ya huce sai ya koma ruwa kamar kowane ruwa.

Kowane ƙulli da aka yanke yana shan ɗigon ruwa guda, ɗigon da ya fi ƙarfin ido. Saboda haka nauyi ƙaruwa yake yi. A lissafin takarda, kilo 100 na seluloz yana iya ba da kilo 111 na gulukoz. A aikace ba a samun haka cif.

Yadda ake dafuwar

Ana fara daddatsa kara ƙanana, a kakkaɓe rairayi. Sai a tura shi cikin tukunyar ƙarfe mai kauri. Tsakanin digiri 160 da 220, igiyar nan emiseluloz ce ke fara sakin jiki. Cikin ƴan mintoci ta narke ta bi ruwa. Tana narkewa tana sakin wani tsami irin na binegar, shi kuma ya ƙara wa ruwan kaifi. Yaɓen linyin ya yi laushi ya tsattsage. Seluloz kuwa yana nan, amma yanzu a buɗe yake.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Yawancin masana'antu sukan sauke tukunya a nan, su bar abin ya huce, su zuba masa wani ruwan magani da ake samu daga funfuna. Wannan magani yana aiki irin na mataimakan da ke tumbin saniya. Yana kwance ƙulli a hankali, kwana biyu ko uku. Funfunar tana da nata labari. Lokacin yaƙin duniya na biyu, sojan Amurka da ke tsibiran Solomon sun ga tantunansu da tufafinsu na auduga suna ruɓewa da sauri. Da aka bincika sai aka tarar wata funfuna ce ke cin su. Jikokinta ne ake kiwo yau a manyan randunan ƙarfe. Sai dai maganin yana da tsada.

Hanya ta biyu ita ce a bar ruwa ya gama aikin shi kaɗai. A shekarun 1990, a jami'ar Tohoku da ke birnin Sendai ta Japan, Kunio Arai da Tadafumi Adschiri da abokan aikinsu sun nuna cewa kusa da iyakar nan ta digiri 374, ko bayan an wuce ta, seluloz yana narkewa ya zama sukari kafin sakan ɗaya ya cika. Ƙiftawar ido ke nan.

A nan wuyar take. Mai yin alewa ya san in sukari ya daɗe bisa wuta sai ya yi ja, daga ja ya yi baƙi, ya yi ɗaci. Ruwan da ya fitar da sukarin, shi ne kuma zai ƙona shi in an ƙara masa sakan biyu ko uku. Don haka ba tukunya ake amfani da ita ba. Siririn bututu ne. Kunun kara ya shigo ta nan, ruwa mai tsananin zafi ya shigo ta can, su haɗu, nan take a saki matsin ko a watsa musu ruwan sanyi. Wani kamfanin Amurka mai suna Renmatix ya gina wurin gwajin wannan dabara a jihar Jojiya. A 2016 attajirin nan Bill Gates da kamfanin mai na Total sun zuba kuɗi a cikinsa.

In kuwa da gangan aka bar abin ya daɗe, awoyi da yawa a digiri 200 ko sama kaɗan, gawayi ake samu. Wani Bajamushe, Friedrich Bergius, shi ya nuna haka a 1913. Gawayin ƙasa irin wanda ake haƙa a Anu Araran, kusa da Cirozerin, ya ɗauki miliyoyin shekaru kafin tsiro ya rikiɗe ya zama shi. Bergius ya yi makamancinsa a tukunya cikin awoyi. A 1931 an ba shi babbar kyautar Nobel, shi da Carl Bosch, saboda ayyukansu na matsi mai ƙarfi.

Akwai ma wanda ya ci riba tun da wuri. A 1924, a garin Laurel ta Amurka, William Mason ya cika wata tukunya da guntayen katako da tururi mai matsi, ya buɗe ta farat ɗaya. Katakon ya tarwatse ya zama zare. Ya danne zaren da zafi, linyin ɗin ciki ya manne shi, ya zama falle mai tauri. Irinsa ne izorel da kafintoci ke yin silin da bayan kabad da shi.

Me ake yi da abin da ya fito?

Mutanen Damagaram sun san matatar SORAZ da aka buɗe a 2011. Ɗanyen mai guda ne ke zuwa daga Agadem, amma a rarraba shi: ga esansi, ga gazuwal, ga iskar gas ta girki. Masu dafa kara haka suke so su yi, su mai da kara kamar ɗanyen mai. Bambancin shi ne rijiyar mai tana ƙafewa wata rana, kara kuwa kowace damana yana fitowa.

Sukarin da aka samu ba na shayi ba ne. Yawanci ana zuba masa yis, irin na masu burodi, ya zama alkol. Ba don sha ba: ana garwaya shi da esansi a zuba wa mota, ana kuma wanke ciwo da shi. Ƙasar Barazil ta tashi haiƙan kan tuƙa mota da alkol na ruwan rake tun 1975. Daga 2014 ta fara fitar da shi daga tuƙar raken ma.

Daga emiseluloz ana samun wani ruwa mai suna furfural. Sunan ba shi da dangantaka da furfurar tsufa. Daga wata tsohuwar kalmar Turawa ya fito, mai nufin dusa. Kamfanin Quaker Oats na Amurka ne ya fara yin sa da yawa a farkon shekarun 1920, daga ɓawon wata tsaba mai kama da alkama, da tururi da ɗan asid. Yau ƙasar Sin ce ta fi kowa yin sa, daga totuwar masara. A Sezela ta Afirka ta Kudu kuma an daɗe ana yin sa daga tuƙar rake. Masu zubin tukwanen alminiyum a kasuwa suna yin ƙirarsu da rairayi mai damshi. Manyan maƙeran da ke zuba injin mota su ma rairayi suke amfani da shi, amma da ƙaron furfural suke ɗaure shi. Daga emiseluloz ɗin dai ake yin wani abin zaƙi da ake sa wa cingam, wanda ba ya ɓata haƙori.

Ana kuma iya mai da sukarin tsami irin na nono, daga tsamin a yi wata irin leda da ke ruɓewa in ta sami zafi da damshi a wurin haɗa taki. Mai kiwon da ya taɓa yanka akuya ya tarar da tumbinta cike da baƙar leda ya san darajar wannan. Nijar ta kafa dokar hana irin waccan leda a 2014, amma har yanzu tana rataye a ƙayoyi. Linyin da ya rage, shi ake ƙonawa a hura wutar tukunyar.

Me ya sa abin bai bazu ba?

A ɗakin gwaji komai yana tafiya daidai. A babbar masana'anta sai wahala ta fito. Ruwa mai irin wannan zafi yana cin ƙarfe, sai an sami ƙarfe na musamman mai tsada. Rairayin da ke maƙale a kara yana cinye famfo. Kunun kara yana toshe bututu. Wuta kuma kuɗi ce. Ga shi in man fetur ya yi araha, ba mai waiwayar alkol na kara.

Kamfanin DuPont ya buɗe babbar masana'antar karan masara a jihar Iowa ta Amurka a 2015, ya rufe ta a 2017. Kamfanin Clariant ya gina tasa a Podari ta ƙasar Romaniya. Ita ba ta amfani da asid wajen buɗe kara, sai tururi mai matsi. Ta fara aiki a 2022, a ƙarshen 2023 aka ba da sanarwar rufe ta. Masu kuɗi ne ƙwarai suka gwada, suka ƙona hannu. Wasu kuwa ba su fasa ba. A 2022 Indiya ta buɗe tata a Panipat don karan shinkafa, domin a can manoma suna ƙona shi a gona har hayaƙi ya rufe birnin Delhi.

A nan akwai abin lura. A Panipat kara ya yi yawa ne har ya zama damuwa. A Dawce kuwa ba ya isa.

A yi lissafi

An gina masana'antar Podari don ta ci tan 250,000 na kara kowace shekara, ta ba da tan 50,000 na alkol. Wato kilo 5 na kara, kilo 1 na alkol. Tan 1 kilo 1,000 ne. A ce hekta ɗaya ta jigawa ta ba da tan 2 na karan hatsi, a shekara mai kyau ke nan. A raba 250,000 gida 2. An sami hekta 125,000, a share su tas, ko sanda ɗaya kada a bari. A ce kuma amalanken shanu yana ɗaukar kilo 250. Sawu miliyan ɗaya ke nan kowace shekara. Masu karatu a cibiya suna iya sake wannan lissafi bisa allo, su sa abin da gonakinsu ke bayarwa.

To, in an kwashe, me bisashe za su ci a watan bakwai? Da me za a yi darni? Sannan ga mai haƙƙi na uku, wanda ba ya magana, ita ce gona.

A Sadore, kudu da Yamai, akwai cibiyar binciken noma ta ICRISAT. Shekara da shekaru masananta suna gwada gonar da aka kwashe wa kara da wadda aka bar wa. Sun tarar cewa in an shimfiɗa wajen tan 2 na kara a hekta, iska ba ta kwashe ƙasa sosai, kuma hatsi ya fi yi. Dalilan a fili suke. Karan da ke kwance yana tare rairayi da ƙurar da iska ke kawowa, ƙurar nan kuwa taki ce. Yana kare ƙaramar shuka daga rairayin da guguwar farkon damana ke watsawa, mai yanke ta ko ya binne ta. Yana rage zafin ƙasa. Gara tana jan sa ƙasa, ta bar ramukan da ruwan sama ke shiga. Kuma akwai wani abincin shuka mai suna potas, wanda mafi yawan abin da hatsi ya sha daga ƙasa a kara yake tsayawa, ba a zangarniya ba. Shi ne kaifin da ke cikin tokar kara, wadda mata ke tacewa su yi miya da sabulu. Duk amalanken kara da ya bar gona bai dawo a taki ba, da potas ya tafi.

Tan 2 ɗin da gona ke nema, kusan shi ne duk abin da ta bayar. Tun yanzu ma ba ta samun rabonta. Abin da ya ɗan sassauta shi ne itatuwa. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Matamaye da Magariya da Mirya suke barin gawo da sauran itatuwa su tsiro cikin gonaki, suna yi musu sassabe mai kyau. Inda ake samun reshen hura wuta da ƴaƴan gawo na bisashe, nan ne ake iya bar wa gona ɗan kara.

Saboda haka in wata rana irin wannan sana'a za ta zo ƙasar nan, ba ta kan karan hatsi ya kamata ta fara ba. Sai a duba abin da ba shi da mai shi. Raken fadamun Korama yana da yawa, amma shan sa ake yi sanda-sanda, tuƙar ta watse a tasha da bakin titi daga Matamaye har Damagaram. Tara ta aiki ne. A Sezela abin ya yiwu ne domin injin matse rake yana tara tuƙar wuri ɗaya. Akwai kuma kacalla, ciyawar ruwan nan da ta toshe tafkuna da yawa a ƙasar Hausa, har ta hana noma da su a fadamun Haɗeja da Nguru. Irin wannan jiƙaƙƙen abu shi ya fi dacewa da tukunyar Bergius, domin ba sai an shanya shi ba kafin ya zama gawayi.

Kashedi

Kada wani ya ji wannan labari ya ɗauki tano ko tsohuwar butar gas, ya cika da ruwa da kara, ya toshe, ya ɗora bisa wuta. Tano ba ta jure ko matsin tayar mota. Lita ɗaya ta ruwa in ta zama tururi farat ɗaya tana neman wurin lita 1,700. Fashewar tana kashe mutum, tana rushe ɗaki.

Abin da ake iya yi a gida

Akwai hanyar sassauta yaɓen kara ba wuta ba matsi, kuma ma'aikatan kiwo sun daɗe suna koyar da ita a Nijar. Da farin takin zamani ake yi, wato ure. Ana daddatsa kilo 100 na busasshen kara ko ciyawa. A narkar da kilo 5 na ure cikin lita 50 ta ruwa. A shimfiɗa karan cikin rami ko ɗan ɗakin ƙasa, a yayyafa ruwan, a tattake, a ƙara wani bisa wani har ya ƙare. Sai a rufe ruf da leda ko yaɓe, kada iska ta shiga. A ciki uren yana rikiɗa ya zama wata iska mai kaifi, mai hawa hanci. Ita ke shiga tsakanin linyin da zare ta sassauta su. Bayan sati biyu zuwa uku a lokacin zafi, ko fiye a lokacin ɗari, karan zai yi laushi, ya yi ja-ja. Saniya ta fi cin sa, tumbinta kuma ya fi narkar da shi.

Amma ure guba ne in dabba ta ci shi tsura ko ta sha ruwansa. A auna da sikeli, ban da ƙiyasi. A ɓoye buhun da bokitin inda akuya ba ta kai. In an buɗe ramin, a ɗebi na yini ɗaya, a baza shi a inuwa ya sha iska kafin a bayar, a mai da rufin. A fara da kaɗan har dabba ta saba. Abincin masu tuƙa ne, shanu da tumaki da awaki da suka girma, ban da ɗan maraƙin da ke shan nono. Karo na farko a yi shi gaban ma'aikacin kiwo.